Arzikin Inna na Yini Ɗaya

Inna ta taɓa yin arziki, kuma ina da shaida, don hoton yana nan rataye a ɗakina a Yelwa. Arzikin ya fara da hantsi, ya ƙare kafin la'asar, amma ya isa ya hana ta samun gida.

Ni ne ɗanta na fari, shi ya sa ba ta kiran sunana. Tun da na fara koyarwa a firamare ta koma ce mini Malam, da wata irin murya da har yau ban rabe ba ko girmamawa ce ko tsokana. A lokacin tana zaune a ƙauyenmu na bakin tafki, ɓangaren Ngaski, inda kwale-kwale ya fi mota saurin kai mutum Warra. Sana'arta bandar kifi. Bayan rasuwar mahaifinmu ta ƙi biyo ni gari, ta ce ita ba ta iya barci inda ba ta jin motsin ruwa. Shi kuwa ruwan bai san ana yi masa wannan kara ba. Duk shekara in damina ta yi nisa sai ya hauro, ya shiga tsakar gida, ya lashi gindin bango ya koma. Ɗaki biyu na laka mahaifinmu ya bari. Ɗaya ya riga ya zauna, ɗayan kuma akwai layin da ruwa ya zana a jikinsa, kowace shekara yana ƙara hawa.

Sai labari ya zo cewa wata ƙungiya za ta gina ƙananan gidajen bulo a kan tudu, ta ba waɗanda suka fi kowa buƙata a bakin tafki, tun daga Shanga har gangarowa wajenmu. Ba wanda ya yi murna da farko, don mun san yadda rabo yake. An taɓa kawo rigunan ceto na masu shiga ruwa, wani mai shayi a tasha wanda ko kwale-kwale bai taɓa takawa ba ya samu, saboda ƙanwarsa na auren wani babba. Masunta kuwa suka ci gaba da dogara ga Allah da iyo.

Amma wannan karon, aka ce, daban ne. Aka kira taro a wani zaure a Yelwa, aka gayyace ni saboda ina jin Gunganci, yaren mutanenmu na bakin tafki, aka zaunar da ni a sahun gaba a matsayin wakilin al'ummomin da aka bari a baya. Ni dai ban san an bar ni a baya ba sai ranar, da aka ba ni kujera mai laushi da lemon kwalba. Wata matashiyar jami'a, wadda kowa ke kira Malama, ta tashi ta yi bayani. Ta ce ba mutum ne zai zaɓi masu samun gida ba. Ƙirƙirarriyar basira ce, wato na'urar da aka koya wa duba hoto ta yanke hukunci. Za a ɗauki hoton kowane gida, ciki da waje, na'ura ta dubi rufi da daɓe da shimfiɗa da dabbobi, ta faɗi wanda ya fi talauci.

"Wannan na'ura ba ta da kawu, ba ta da jam'iyya," in ji ta. "Ba ta san masallaci ba, ba ta san coci ba. Ba ta san Bagunge ba, ba ta san Bakambare ba, ba ta san Bahaushe ba. Abin da ta gani kawai take faɗa."

Muka tafa. Ni na fi kowa tafi, har tafin hannuna ya yi ja, don na gaji da ganin ana raba kayan talakawa a falon masu hali. Wani dattijo ya tambayi wanda ya koya wa na'urar sanin talauci. Malama ta ce an nuna mata hotunan gidajen matalauta masu ɗimbin yawa daga wurare daban-daban. Muka gyaɗa kai. Wani ɗan kasuwar albasa da ke zaune kusa da ni, mutum mai ƙiba da ƙamshin turare, shi tambaya ɗaya kawai ya yi: wace rana za a zo ɗaukar hoton? Na dube shi a raina na ce ana maganar adalci, wannan bawan Allah yana maganar kalanda.

Ranar Asabar na shiga jirgi na tafi wajen Inna. Na same ta bakin murhun banda, hayaƙi ya sa idonta ja. Na yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku. Na ce ranar da za a zo kada ta taɓa komai, ta bar gida yadda yake, don wanda aka ga ya fi rashi shi za a ba.

Ta juya kifi, ta ce, "Malam, ka gama karatun?"

Na ce na gama.

"To zauna in ba ka nawa. Lokacin da anka zo tashinmu daga gungu, tsibirinmu, za a yi dam, ina yarinya. Mutanen gwamnati sunka zo dubin gidaje. Babana ya zaci haraji za a ƙara mai. Ya tura awakinai ƙetare, ya ce ɗakin baya na ƙanenai ne, ya rufe rumbu da kara. Da anka tashi ba da gidaje, abin da ya nuna shi anka ba shi. Waɗanda sunka baje komi nasu a fili sunka samu manya. Har ya koma ga Allah yana cizon yatsa. Gwamnati in ta zo dubawa, abin da ta gani shi take biya. Kai ina kake sa'annan?"

Na ce wancan diyya ce, wannan taimako ne, kuma ba ma gwamnati ba ce. Ta ce duk wanda ya zo da jirgi mai inji yana duba ɗakin mutane gwamnati ne. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Amma na san akwai dalili na biyu wanda ba za ta faɗa ba. A wajenmu ba a barin baƙo ya ga tsiraicin gida. Ko kwana aka yi da yunwa, in baƙo ya yi sallama sai a ɗora tukunya. Balle baƙuwa mai ɗaukar hoto, hoton da za a kai garin da ba a san ka ba, a ce ga ɗakin 'yar wane. Na yi ta magana har bakina ya bushe. A ƙarshe ta ce, "To, Malam." Duk wanda ya san Inna ya san in ta ce to da wannan murya, an rufe zance kuma ba kai ka ci ba.

Ranar hoto jirgi ɗaya muka shiga da Malama, ni ne tafinta. Tun daga bakin ruwa na ga alama. An share ƙauyen nan tas, har hanyar da shanu ke bi. Da muka shiga gidanmu sai na tsaya a ƙofa ina tunanin ko ɓatan kai na yi. An kewaye rusasshen ɗakin da sabuwar zana. A ɗakin Inna an shimfiɗa ledar ƙasa mai furanni, ga katifa mai kauri, ga jeren kwanukan samira suna walƙiya, ga rediyo, ga agogon bango. Layin da ruwa ya zana, wanda shi ne babbar shaidarmu, an rufe shi da labule mai ruwan zinariya. Inna kanta na zaune a bakin katifa cikin leshi, ta sha ɗauri, ta zizara kwalli. A tsakar gida an ɗaure wata jibgegiyar akuya mai karyayyen ƙaho.

Na san kowane abu da mai shi. Katifar da labulen na aminiyarta ne, matar fasto, wadda suka tashi tare tun suna 'yan mata. Kwanukan na wata amarya ce a bayan gidanmu. Agogon na limami ne, kuma ya daɗe da tsayawa. Akuyar ta wani tsoho ce mai bin addinin kakanni, wanda ko sallama ba ya amsawa da daɗi, amma ranar ya ba da aronta ba musu. Haɗin kan addinai da ake ta kiran taro a kansa a gari, ga shi nan na gani da idona, an yi shi a kan a kashe mu baki ɗaya.

Na matsa kusa da Inna na fara magana ƙasa-ƙasa. Ta amsa mini da Gunganci, fuskarta na murmushi saboda baƙuwa, ta ce in na kunyata ta a gaban ɗiyar mutane ba ita ta haife ni ba. Duk da haka na ja Malama gefe na ce mata duk abin da take gani kayan aro ne. Ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce ba a yarda ta saka bayanin baki ba.

"Ai nan ne adalcin yake, Malam," in ji ta. "In na saurari naka, gobe sai in saurari na ɗan siyasa. Hoto kawai."

Ni ne kuwa na fi kowa tafa wa wannan magana a taro. Ta ɗauki hoto. Inna ta kawo mata soyayyen giwan ruwa, kifin da ita kanta sai dai ta sayar, ba ta ci. Shi ma kwanon ya shiga hoto.

Abin da ya biyo baya da dariya zai ba ni in da a garin wasu ya faru. Malama na cin kifi, mata na miƙa katifa ta kan danga zuwa gida na gaba. Kwanuka suka bi, agogo ya bi, aka ja akuya ta ƙofar baya tana kuka. Duk gidan da muka shiga sai mu tarar da arzikin ya riga mu isa, ya zauna yana jiranmu. Malama ba ta lura ba, don rana ta yi zafi, kuma kowane gida sai an tsare ta da abinci. Can wajen ƙarshen gari akuyar ta saba, da an ɗaga waya sai ta daina kuka ta tsaya cak. Hausawa na cewa zanen aro ba ya rufe katara. Namu ya rufe katara, ya rufe bango, ya rufe gari guda.

Da sakamako ya fito, na'ura ta ce ƙauyenmu na cikin wuraren da ke da rufin asiri a bakin tafki. Inna ba ta samu ba, matar fasto ba ta samu ba, tsohon mai akuya ne kawai ya samu, don ranar ba wanda ya kai wa ɗakinsa komai, akuyarsa ma tana yawon aiki. Ɗan kasuwar albasa kuwa ya samu. Ashe kafin ranar ya kwashe firiji da talabijin da kujeru ya kai shagon ƙanensa, ya shimfiɗa buhu a tsohon ɗakin ajiya, ya zauna a kai da yagaggiyar riga. Sai a sannan na gane tambayarsa ita ce tambaya mafi hankali da aka yi a zauren nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tafi ofishinsu ban ko karya ba, na ce Malama ta jera mini hotunan ƙauyenmu a kwamfuta. Ta jera. Na ce ta dubi akuya. Ta duba, ta wuce hoto na gaba, ta sake dubawa. Ga karyayyen ƙaho nan a kowane gida, ga agogo hannunsa a tsaye wuri ɗaya, ga labule mai ruwan zinariya. Ta fashe da dariya, sai kuma dariyar ta tsaya, ta rufe baki da hannu. Ba muguwa ba ce, wannan zan faɗa ko a gaban wa. Ta ce na'urar ƙirga awaki aka koya mata, ba a koya mata gane su ba. Na ce to ta gyara da hannunta mana. Ta ce ba mai ikon taɓa sakamako, ko shugabanta, don kada son kai ya shigo. Hanya ɗaya ce, a ɗaukaka ƙara, a koma a sake hoto.

Shawo kan Inna shi ne aiki mafi wuya da na taɓa yi. Damina ta riga ta kankama, ruwa ya fara taɓa turakun da ake ɗaure jirage. Na lallaɓa, na kawo misalai, ta yi kamar da bango nake. A ƙarshe na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba, na ce, "Inna, ruwa ba ya jin kunyar kowa. In ya shigo bana, a ina za ki kwana?" Ta dube ni ta kau da kai. Matar fasto ce ta ƙarasa aikin. Ta zo ta zauna kusa da ita ta ce, "Ƙawata, mu duka za mu yi. In tsiraici ne, na gari ne, ba naki ke ɗaya ba. Wa zai yi wa wani dariya?"

Ranar hoto na biyu Inna ba ta yi shara ba. Ni na yaye zanar da hannuna, tulin ƙasar ɗakin mahaifinmu ya fito fili. A ciki ba komai sai tsohuwar tabarma da gefenta ya zare, da tukwane biyu, da robobin da take tarawa inda rufi ke zuba. Layin ruwa ya fito a bango har ya wuce gwiwa. Ta zauna a ƙasa da zanen da take banda da shi, mai ƙaurin hayaƙi, ba ɗauri, ba kwalli. Na girma a ɗakin nan, na san talaucinmu sarai, amma ban taɓa ganinsa a zaune haka ba, don duk tsawon rayuwata Inna na tsaye tsakanina da shi da tsintsiya a hannu. Kunya ta kama ni, da haushi, da tausayinta, har na kasa tsayawa a ciki.

Malama ta ɗaga waya ta sauke, ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna."

Inna ta ce, "Ɗauki, ɗiyata. Abin da kunka zo nema ke nan." Idonta na ƙasa har aka gama.

Ba ta kawo abinci ba, don na hana. Sai da muka koma jirgi muka tarar da kwano a rufe ƙarƙashin benci, da busasshen kifi a ciki. Ta aika an ajiye tun kafin mu fito, yadda ba zai shiga hoto ba.

Malama da kanta ta kira ni da sakamako ya dawo. Ta ce masu na'urar sun san akwai mutane irin ɗan kasuwar albasa. Saboda haka, don kare haƙƙin matalauta na gaskiya, sun koya mata kama masu ɓoye dukiya. In ta ga gida da kaya a hoton farko, ta gan shi wayam a na biyu, sai ta yi masa alamar maguɗi. Ta yi wa Inna, ta yi wa matar fasto, ta yi wa kusan duk ƙauyen. Shi ɗan kasuwar hoto ɗaya gare shi, don haka ba shi da abin da za a kwatanta.

Malama ta ce ta kai maganar sama, kuma manya sun ji daɗin gano wannan matsala. Har sun sake kiran taro a zauren nan, da lemon kwalba, suka ce ƙauyenmu ya koya musu babban darasi, na'ura ta gaba za ta fahimci al'adar aron kaya. Suka haska hoton Inna na biyu a babban allo. Sun dusashe fuskarta, wai don kare mutuncinta. Tabarmar da bangon da robobin kuwa suna nan tar, kowa na kallo. Da na tambayi gidajen, aka ce an riga an raba, sai dai in an samu wani zagaye. Wannan karon hannuna na cikin aljihu har aka tashi.

Na je na sami Inna. Ban gaya mata zancen allo ba, kuma ba zan gaya mata ba. Ta ce, "Mi na'urar taku ta ce?"

Na ce, "Ta ce hoton farko shi ne gaskiya, na biyun ƙarya kika yi."

Na zaci kuka za ta yi. Sai ta yi wata 'yar dariya ta ce, "Ashe tana da tarbiyya. Kai da na haifa ka tsaya kai da fata sai duniya ta san ba ni da komi. Ita ko ta ƙi yarda." Ta juya kifinta. Can ta ce in roƙi Malama ta wanko mata na farkon, babba, a saka shi a gilashi.

Ruwa ya shigo a ƙarshen daminar nan. Da safe bangon ya tsage, kafin azahar ya kwanta. Muka kwashe kayanta a kwale-kwale, ba su cika rabinsa ba. Hoton na kan cinyarta, ta naɗe shi a leda, ba ta waiwaya ba har muka sha kwana.

Yanzu tana wajena a Yelwa, a gidan haya, inda ba murhun banda, ba motsin ruwa sai ƙarar babura. Barcinta kaɗan ne. Ita ta zaɓi inda aka rataye hoton, daidai inda mai shigowa zai fara gani. Maƙwabta in sun zo gaishe ta sukan tsaya su dube shi, su ga katifa da jeren samira da agogo da leshi, su ce, "Kai, Inna, ashe ruwa ya ci miki dukiya haka!"

Sai ta gyara zama ta ce, "Sai haƙuri. Allah ya ba da, Allah ya karɓa." Sannan ta ɗago ido ta dube ni. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce haka ne.